Daga ina camfe-camfenmu suka samo asali?

Malamar Hausa, Daura:

Assalamu alaikum. Ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare a nan Daura, kuma duk lokacin da muka zo darasin camfi da tatsuniya sai in tarar abin da ke hannunmu jeri ne kawai: kada a yi shara da dare, kada a zauna a dokin ƙofa, kada a tsallake yaro yana kwance don ba zai yi tsawo ba, kada a yi tatsuniya da rana. Ɗalibai kuwa ba jerin ne ya dame su ba, so suke su san wanda ya fara faɗin waɗannan abubuwa da dalilinsa na faɗa. Wasunsu ma har rijiyar Kusugu suke jawowa cikin maganar, suna tambaya ko labarin macijin tarihi ne ko tatsuniya. Ina roƙon masana su taimaka mana da bayanin da zan iya kai wa aji.

Dattijon Ƙofar Sauri, Katsina:

Wa alaikumus salam, Malama. A ganina kaso mafi yawa na camfin cikin gida dabarar tarbiyya ce, domin iyayenmu sun lura cewa yaro ya fi saurin barin abin da aka tsorata shi da shi a kan abin da aka yi masa dogon bayani. Ki ɗauki sharar dare. A zamanin da hasken ɗaki bai wuce fitilar aci-balbal ba, matar da ta ɗauki tsintsiya bayan isha'i tana iya haɗawa da allura ko ɗan kunne ko kwabo ta kai juji ba ta sani ba, saboda haka da aka ce sharar dare tana kore arziki ba a yi nisa da gaskiya ba. Yanke farce da dare ma haka ne, da aska ake yi, kuma mai yi cikin duhu yana tare da yanka. Wanda ya zauna a dokin ƙofa ya tare hanyar mai ɗauke da tukunya. Ruwan zafi da aka ce kada a watsa a tsakar gida ba tare da bisimilla ba don kada a ƙona 'ya'yan aljanu, ai kafin a kai ga 'ya'yan aljanu akwai yaro mai rarrafe da 'yan tsaki. Tatsuniya da rana kuwa, wa zai kai abinci gona ko ya kora awaki kiwo idan yara suka zauna sauraron Gizo da Ƙoƙi tun da hantsi? Shi ya sa aka ajiye "ga ta nan, ga ta nanku" sai bayan an ci tuwon dare.

Ɗalibin Tarihi, Mani:

Baba, Allah ya ƙara girma. Bayaninka ya warware camfin cikin gida, amma bai kai ga wanda ya shafi tsamiya da kuka da rijiya da suri ba, kuma a nan ne nake ganin tushen ya fi zurfi. Kafin Musulunci ya kafu a ƙasar Hausa mutane suna girmama iskoki, suna ɗaukar cewa kowane babban itace ko dutse ko ruwa yana da mai shi, wanda ake yi wa yanka don a zauna lafiya. Ragowar wannan ne ake gani a bori, inda har yau ake kiran Inna da Sarkin Rafi da Ɗan Galadima, da kuma a al'adun Maguzawa. Da Musulunci ya zo sai aka daina yankan, amma tsoron wurin bai tafi ba, sunan mai wurin ne ya koma aljani. Wanda ya hana ɗansa zama ƙarƙashin tsamiya da tsakar rana yana maimaita abin da kakanninsa suka yi ne, ko da bai san haka ba. A labarin sarautar Katsina ma ana cewa a kokawa ne Korau ya kayar da Sanau, sarkin lokacin, bayan an tona asirin layar Sanau ɗin, kuma Muhammadu Korau ɗin ne ake ɗauka a matsayin Musulmin sarki na farko a Katsina, a ƙarni na 15. Kaburburan Durɓi Takusheyi da ke nan ƙasar Mani, waɗanda aka tona a 1907 da kuma 1992, sun nuna cewa akwai tsohuwar sarauta mai dukiya a wannan yanki kafin zamaninsa.

Game da Kusugu, Malama, malaman adabi suna sanya irin wannan labari a ajin tarihihi, wato labarin da ke da wuri na gaske da sarauta ta gaske amma baki ya yi ta gyara shi tsawon ƙarnuka. Rijiyar tana nan, fadar tana nan, jerin sarauniyoyin Daura yana nan a bakin masu kiyaye shi. Amma siffar labarin, ta baƙo da ya zo daga nesa ya kashe dabbar da ta mallake ruwa sannan sarauta ta sauya hannu, ba ta Daura kaɗai ba ce. Soninke suna da labarin macijin Wagadu mai suna Bida, Songhai kuma suna da na baƙon da ya kashe kifin da ake bauta wa a kogin Neja. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne cewa macijin ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, domin wannan alama ce ta cewa masu ba da labarin a siffar da ta iso mana sun riga sun san kwanakin mako na Musulunci. Wasu masana tarihi sun danganta sunan Bayajida, baƙon da ya kashe macijin, da Abu Yazid, wanda ya yi wa daular Faɗimiyya tawaye a Arewacin Afirka aka kashe shi a 947, amma wannan hasashe ne da ya dogara a kan kamancin suna, ba hujja yankakkiya ba. Abin da labarin yake yi a fili shi ne bayyana yadda mulki ya tashi daga hannun mata ya koma na maza, da kuma ɗaure Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram a zuriya guda.

Almajirin Gobarau, Katsina:

Ina so in ƙara reshe na uku, domin ba duk camfinmu ne aka haifa a ƙasar Hausa ba. Tsoron watan Safar, wanda ya haifar da abin da ake kira Larabgana a Larabar ƙarshe ta watan, ya zo mana ne daga waje, kuma Larabawan jahiliyya ma suna da nasu camfin a kan wannan wata da kan mujiya. Hadisi ingantacce ya kore duka biyun, tare da kore ɗaukar shu'umci daga tsuntsaye. Haka batun husufin wata, da yara kan fita suna kaɗa gwangwani wai rana ta kama wata. Lokacin da aka yi husufin rana a ranar da Ibrahim ɗan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, mutane sun ce saboda rasuwarsa ne, sai ya bayyana musu cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma umarce su da salla.

Sai dai ina jan hankalin Malama kada a haɗa komai a kwando ɗaya. Tsare yara a gida da almuru, da rufe ƙofa da kwanukan abinci da dare tare da ambaton Allah, sun zo a Buhari da Muslim, don haka ba camfi ba ne. Abin da ya zama camfi shi ne ƙarin da mutane suka yi a kai, kamar yanke hukuncin cewa duk wanda ciwo ya kama bayan magariba aljani ne ya shafe shi.

Ma'aikaciyar jinya, Daura:

Na yarda da Baba cewa an ƙirƙiri wasu don amfani, amma akwai waɗanda tushensu rashin sanin musabbabin cuta ne, kuma su ne muke fama da su a wurin aiki. Macen da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya ana ce mata mai wabi, a ce yaro ɗaya ne yake tafiya yana dawowa, har a sa wa na gaba suna irin su Ajuji don mutuwa ta raina shi ta ƙyale. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke iya jawo irin wannan jerin rashi shi ne sikila: idan uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar gadon, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar. Kakanninmu sun ga abin yana maimaituwa a gida ɗaya, ba su da gwajin jini, sai suka ba shi bayanin da ke hannunsu. Farfaɗiya ma haka take, ana guje wa yawun mai ita wai ana ɗauka, alhali ba a ɗaukar ta, kuma gudun ne yake sa a bar mutum ya faɗa wuta ko ruwa babu mai janye shi. Hana mai ciki da ƙananan yara cin ƙwai, wai yaro zai tashi ɓarawo, shi ma yana raba su da abinci mai gina jiki a daidai lokacin da suka fi bukatarsa.

Dattijon Ƙofar Sauri, Katsina:

'Yata, a kan ƙwai ba ni da ja, amma shi ma yana da nasa dalilin. Kaza ita ce jarin matar gida, ƙwan da aka bari ya ƙyanƙyashe shi ne kuɗin sabulu da na biki, kuma yaron da ya ɗanɗana ya ji daɗi zai fara leƙa akurki da kansa. Daga nan maganar sata ta fito. Dalilin ya yi aiki a gidan da kaji uku ne duka dukiyar, amma yanzu da ake sayar da ƙwai kiret-kiret a bakin kowace kasuwa babu abin da ya rage a cikinsa sai hanin.

Malamar Hausa, Daura:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan sa ɗalibai su tattaro camfi daga bakin kakanninsu, sannan mu gwada sanya kowanne a reshen da ya dace da shi. Akwai ɗaya da har yanzu ban ga inda zai shiga ba, wato cewa ƙaiƙayin tafin hannu alamar samun kuɗi ce. Ko akwai wanda ya san tushensa?