Asma, ƙwayar likita da tseren Fabrairu: in nemi izini ko in haƙura?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, lokaci kuma ya ƙure mini. Wata bakwai ke nan ina atisaye a filin wasa na Surulere saboda gudun yada ƙanin wani na Legas da ake yi a Fabrairu. Ina da asma tun ina yaro. Shekaranjiya da asuba ƙurar hunturu da hayaƙin mota suka haɗu mini, ƙirji ya toshe, sai da aka kwashe ni zuwa asibiti. Likita ya rubuta mini ƙwayar prednisolone ta kwana biyar, ya ce in ci gaba da shaƙar inhela ta Ventolin, in abin ya dawo kuma a maimaita ƙwayar. Kocinmu ya ce ƙwayar tana cikin jerin haramtattun magunguna, sai da takardar izini da ake kira TUE, amma shi kansa bai taɓa cike ta ba. Saura kwana 24. Wa ya taɓa nema? Ina ake kai wa, kuma zan samu kafin ranar?

Kawu Mile 12: Wa alaikumus salam ɗana. Ka bar ƙwayoyin nan. Zuma da habbatus sauda da tafarnuwa, safe da yamma. Da shi na yi wa babban yarona.

Mai Tsaron Gida: Inhela ma haramun ce. Ka jefar da ita kafin su gani a jakarka.

Nas Idi-Araba: Don Allah Malam kada ka gaya wa mai asma ya jefar da inhela, rai ake magana. Kuma ba haka dokar take ba. Salbutamol na shaƙa, wato maganin da ke cikin Ventolin, an yarda da shi ba tare da wata takarda ba, muddin bai wuce maikirogiram 1600 a awa 24 ba, kuma bai wuce 600 a cikin awa 8 ba. Fesawa ɗaya ta Ventolin 100 ce, ka ga shida ke nan a awa takwas. Na ƙwaya da na ruwa su ne haramun. Kawu, zuma ba laifi, amma ba ta buɗe ƙirjin da ya toshe da asuba.

Tsohon Ɗan Kokawa: Ƙanena, zauna ka ji abin da ya same ni, don kada ka ji daɗin bakin masu cewa ba komai. Saura kwana biyu gasar ƙasa kafaɗata ta kumbura, ko riga ba na iya sawa sai ƙanwata ta taya ni. Koci ya kai ni wani kemis a bayan layinmu. Har yau ina ganin wurin: benci ɗaya, labule mai datti, yaron ya fasa kwalbar da haƙori. Ya yi mini allurar dexamethasone, ya karɓi kuɗinsa, ba kati, ba takarda. Na yi wasa, na zo na biyu, aka kira ni ɗakin gwaji, mutum yana tsaye a kaina na yi fitsari a kwalba biyu. Bayan makonni wasiƙa ta zo. Aka ce in kawo shaidar likita, wataƙila a duba mini izini na bayan faruwar abu. Ina zan samo? Na koma kemis, mai shagon ya ce bai taɓa ganina ba. Kocin da ya riƙe mini riga ana yi mini allurar ya daina ɗaukar wayata. Aka karɓe lambar, aka dakatar da ni. Abin da ya fi ci mini rai ba lambar ba ce. Mahaifiyata ta ji a unguwa ana cewa an kama ɗanta da ƙwaya, ta ɗauka irin ta 'yan tasha ce, ta yi sati ba ta fita ko biki. Ni da ko sigari ban taɓa sa wa a baki ba. Yanzu lodin albasa nake yi, kafaɗar kuma tana nan yadda take.

Hajiya Obalende: Innalillahi. Allah Ya saka maka, Yaya. Wannan koci sai Allah.

Mai Tsaron Gida: Ai ko Onana mai tsaron gidan Kamaru haka ta faru da shi a 2021, ya sha maganin matarsa bisa kuskure, aka ba shi wata 12, daga baya kotun wasanni ta rage zuwa 9. Su ba ruwansu da niyyarka, abin da ke jikinka kai ke da shi.

Ɗan Dambe: Mu dai a dandalin dambe ba mai tambayar fitsarin kowa. Laya ce a damtse, a zo a gwada ta mu gani.

Ɗan Agege: Yaya, na ji tausayinka wallahi. Amma ni asibiti na je, ina da kati da takardar likita. Tambayata ita ce kwana 24 ɗin nan.

Malamin Motsa Jiki: Bari in ba ka abin da na sani, na taya wata ɗalibata mai ciwon suga nema saboda insulin. Ƙa'idar WADA, hukumar yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta duniya, ita ce a nema aƙalla kwana 30 kafin gasa, kwamitin likitoci kuma yana da kwana 21 ya yanke hukunci bayan takardu sun cika. Kalmar "sun cika" ɗin nan ita ce ta ba mu wahala. Sau biyu aka dawo mana da fom, don likita ya rubuta sunan ciwo kawai. Su so suke su ga tarihin ciwon, sakamakon gwaji, sunan magani, adadi, ta wace hanya ake sha, har tsawon wane lokaci. Kuma sai sun gamsu cewa ciwon na gaske ne, babu wani halastaccen magani da ya dace ya maye gurbinsa, kuma ba zai ƙara maka ƙarfi fiye da lafiyarka ta asali ba. Ɗan wasa na matakin ƙasa hukumar yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta ƙasa yake kai wa, na matakin duniya kuma hukumar wasansa ta duniya. Ga mai asma za su nemi gwajin numfashi, wanda ake hura iska a na'ura.

Hajiya Obalende: Gwajin nan dubu 15 muka yi wa 'yata.

Mai Keke Ojota: Dubu 15 a wace Legas, Hajiya? Dubu 45 aka ce mini a Ikeja, ban da kuɗin ganin likita. Kuma wani ya karɓi dubu 20 a hannuna wai kuɗin fom.

Malamin Motsa Jiki: Mu ba mu biya ko sisi kan fom ba, daga intanet muka sauke. An cuce ka.

Nas Idi-Araba: Ku tsaya, akwai abin da kowa ya tsallake. Prednisolone da danginsa a lokacin gasa kawai aka haramta su, ba kullum ba. Lokacin gasa kuma yana farawa ne daga ƙarfe 11:59 na daren jajibere. Na ƙwaya, WADA ta ce a ba shi kwana 3 ya fita daga jiki. Allura ce ke daɗewa: irin wadda aka yi wa Yaya kwana 5, triamcinolone ta tsoka har kwana 60. In ka gama naka nan da kwana uku, kana da rata sosai. Matsalar ita ce in ciwon ya tashi dab da ranar. A nan ne ake shan magani tukuna, a nemi izini daga baya saboda gaggawa, kuma takardun asibiti ne za su cece ka. Ka adana komai, har rasit.

Mai Keke Ojota: Anti, ke nas ce, ba likitar wasanni ba. In aka kama yaron nan ke za a dakatar?

Nas Idi-Araba: Ban ce ya tsaya kan maganata ba. Ya kai jerin WADA na bana wa likitansa su duba tare, don kowace 1 ga Janairu ake sabunta shi. Tramadol ma sai 2024 ya shiga. Amma na fi wanda ya ce a jefar da inhela.

Tsohon Ɗan Kokawa: Ni na sha dakatarwa, na fi kowa sani a nan. Kada ka yarda da lissafin kwana. Jiki ba kalanda ba ne. Ka nemi takarda ko ka zauna gida.

Malamin Motsa Jiki: Yaya, da girmanka, naka allura ce ta kemis saura kwana biyu. Ba ɗaya ba ne.

Mai Tsaron Gida: Ni abin da ke ba ni haushi, Turawa da likitocinsu a gefe suke yawo. Simone Biles, 'yar wasan Amurka, tana da izinin maganinta, duniya ta sani tun 2016. Froome mai tseren keke an samu salbutamol ya yi yawa a fitsarinsa a 2017, lauyoyi da masana suka tsaya masa har aka wanke shi. Namu fa? Wa ya taɓa tara mu a Surulere ko Teslim Balogun ya karanta mana jerin nan da Hausa, ko da Yarbanci ma?

Hajiya Obalende: Ka tuna gasar Olympics ta Tokyo? 'Yan wasanmu goma aka hana shiga gasa bayan sun isa can. Ba ƙwaya suka sha ba, gwaji uku na wajen gasa da ya kamata a yi musu ne ba a cika ba. Yara suka ɗaga kwalaye suna zanga-zanga a ƙasar mutane.

Mai Keke Ojota: Gwaji ma ke nan. Mu alawus ɗin sansanin bara har yau ba mu gani ba. Kwana goma sha biyu muna kwana a aji kan tabarma, sauro kamar zai ɗauke mutum, da zazzaɓi ya kama mu da kuɗinmu muka sayi magani. A kemis, Yaya, a kemis.

Kawu Mile 12: Ku ma ba a biya ku ba? Yaron maƙwabcina ma haka, har takalmin gudu da bashi ya saya.

Ɗan Agege: Na gode duka. Gobe zan koma wurin likita da jerin. Malam, don Allah fom ɗin da kuka cike, likitan asibitin da na je zai iya sa hannu, ko dole sai ƙwararren likitan ƙirji?

Mai Keke Ojota: Kawu, wane sansani yaron ya je? In namu ne ka turo shi, muna haɗa sunaye za mu rubuta takardar koke.