Tashin farko na jirgin soso: kowa ya faɗi yadda tasa ta kaya

Mai_Soso (Kano): Assalamu alaikum. Na gama haɗa ƙaramin jirgina na sama, mai tashi da rimot, da farin soson da ake sako firji a ciki, tsawon fiffike mita 1.2. Inji A2212 mai 1000KV (ma'aunin saurin juyinsa), farfela 10x4.5, batir 3S (mai sel uku, wato ɗakunan caji uku) 2200mAh, rimot FlySky i6. Asabar nake son kai shi fili. Waɗanda suka riga mu, me kuka gani ranar farko?

ƊanTudu (Zariya): Wa'alaikumussalam. Kafin ka bar gida, sa batir a mazauninsa, ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu ta ƙarƙashin fiffike. In faɗin fiffiken daga gaba zuwa baya santimita 20 ne, yatsunka su zauna santimita 5 zuwa 6 daga bakin gaba. Ya tsaya daidai, ko hanci ya ɗan sunkuya. Nawa jela ce ta rinjaya. Ina sakinsa ya ɗaga kai sama, ya tsaya cak a iska, sannan ya kife ta hagu ya daki ƙasa da hanci. Da na gyara na matsar da batir gaba kaɗan, sai ga shi yana tafiya lafiya lau. Mai nauyin hanci dai sauka da gudu zai wahalar da kai, amma zai dawo gida.

Injiniya_Bash: Malam ƊanTudu ya gama magana. Ƙari ɗaya: cire farfela, ka tsaya bayan jirgin, ka tura sandar rimot dama. Ƙyauren fiffiken dama (ɓangaren bayansa mai motsi) ya ɗaga sama, na hagu ya sauka. Na ga jirgi mai kyau ya tarwatse cikin daƙiƙa uku saboda an haɗa wannan a juye, shi kaɗai. In inji na juyawa a baibai, sauya kowaɗanne biyu daga wayoyinsa uku.

Ummi_RC (Jos): Ni jifa da hannu nake yi, ba na sa tayoyi, filayenmu duk duwatsu ne. Ku fuskanci iska, wutar inji wajen kashi uku cikin huɗu, a jefa shi miƙe, ba sama ba. Mu nan tudu muke, sama da mita 1,200, iska ba ta da kauri, sai jirgi ya ƙara gudu kafin ya ɗauku.

ƊanTudu: Hajiya, jifan nan fa sai da mai taimako. Sabon hannu ba zai jefa da dama ya koma ya lalubo sanda a kan lokaci ba.

Ummi_RC: Gaskiya ne, ƙanena ke jefa min.

Sakkwatawa1: Ku bar batun iska, ku zo ga rana. A watan Afrilu na ajiye nawa cikin mota na shiga sallar Azahar. Kafin in fito gam ɗin kyandir ya saki, jela ta karkace, sarbo ɗaya (ɗan injin da ke motsa ƙyaure) yana lilo. Yanzu tsinken tsire nake cusawa a mahaɗar, in bi da salatif, kuma da an idar da Asuba nake fita, kafin iska ta tashi. Lokacin hunturu kuma ƙura ce matsalar: maganaɗisun inji na jan baƙin yashi, ka ji yana ƙarar-ƙarar. Tsohon burushin haƙori ya ishe ka. Batir ma kar ya sha rana, kuma kar ka zuƙe shi ƙasa da bolt 3.5 a kowane sel, in ya cika, sel ukun gaba ɗaya bolt 12.6 suke nunawa.

Injiniya_Bash: Ka hau sama sosai kafin ka taɓa maɓallan rimot na daidaita tafiyar jirgi, ɗaya-ɗaya. In yana jan hagu duk sanda ka ƙara wuta, juyin farfela ne. Sa ɗan zoben ƙarfe na noti a bayan inji ya kalli dama kaɗan. Sannan ka nisanci filin jirgi da bariki. Tun 2016 NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta ce sai da izini ake tashin jirgi marar matuƙi, kuma da halin tsaron nan ba kowa zai saurari "ai na wasa ne" ba.

Mai_Soso: Na gode ƙwarai. Na gwada yanzu, ashe jela ce ke rinjaya, na tura batir har hanci bai isa ba. Yara kuma tun yau sun fara tambayar ƙarfe nawa za a fita.

Sakkwatawa1: Manna ƙaramin noti biyu a hancin. Yaran kuwa, nemo babba ɗaya ya tsare su a bayanka, farfelar nan tana yanka yatsa.