Wai ƙananan birai duk bahagwai ne?

Malam: Jama'a, ina nan a kan bakana: ƙananan birai duk bahagwai ne. Tun 1987 wani masani mai suna MacNeilage da abokan aikinsa suka kawo bayanin. Dabbar da ke rayuwa a bishiya da dama take riƙe reshe, ta miƙa hagu ta cafko ƙwaro.

Hajiya: Malam, wannan fa hasashe ne, su ma haka suka gabatar da shi. "Duk" ɗin nan ce ta kayar da kai.

Malam: To galago fa, ɗan mitsitsin nan mai manyan idanu da ke yawon dare? Da lemur, dangin birin nan na Madagaska? An ga rinjayen hagu a wasunsu.

Yaya Babba: A wasunsu, ka faɗa da bakinka. Ɗauki mamoset, ɗan ƙaramin birin nan na Brazil. Kowane ɗaya yana da hannun da ya fi so, kuma yakan ɗore a kai har girma. Amma ka tara garke ka ƙirga, sai ka tarar masu dama da masu hagu sun kusa yin kunnen doki. Ɗabi'ar biri ɗaya daban, ta jinsi daban. Mu mutane ne muka karkata gefe guda, kusan 9 cikin 10 na dama.

Auta: Yaya, ta yaya ma ake gwadawa? Biri ai da hannun da ya fi kusa zai ɗauka.

Yaya Babba: Yauwa Auta, nan gizo ke saƙar. Shi ya sa ake cusa abinci cikin bututu, dole hannu ɗaya ya riƙe, ɗaya ya zaƙulo. Wanda ya zaƙulo shi ake ƙirgawa. A 2022 an haɗa sakamakon wannan gwajin a jinsi 38, har da mutum a ciki, ba a samu biri ko ɗaya mai karkata irin tamu ba.

Malam: Birin keji kuke nufi. Wanda ke zaune daram a kan katako, me zai riƙe da dama?

Hajiya: Wannan kam ka samu. Tsayuwar jiki tana sauya hannun da ake miƙawa. Sai dai ba ta mayar da su duka bahagwai ba.

Malam: Na janye "duk". Galago kuwa ban sake shi ba.

Auta: Ni bahaguwa ce, da na fara murnar samun dangi.