Allurar ceftriaxone ga masu kwana a tasha: taimako ne ko ganganci?

Baba Mai Kemis: Salamu alaikum. Ni dai ina nan kan bakana. Mutumin da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyensu, yana kwana a kango ko rumfar tasha nan Gusau, in ya zo da zazzaɓi mai zafi ga gyambo na ruwa, a yi mai ceftriaxone, allurar kashe ƙwayoyin cuta, nan take. Ba ya da kuɗin gwaji, kuma gobe ba ka san inda za ka gan shi ba.

Likita: Wa alaikumus salam, Baba. Tausayinka ba a musunsa. Amma in ƙwayoyin cuta sun shiga jini har gaɓoɓi suka fara gazawa, abin da muke kira sepsis, allura guda ba ta isa. Sai an yi ƙarin ruwa, a yi ta duba hawan jininsa da fitsarinsa, a wanke gyambon a fitar da mugunya, a ci gaba da magani na kwanaki. Kuma akwai ƙwayar da kan shiga ta rauni, wadda ake kira MRSA, ceftriaxone ba ta taɓa ta sam. In ma maleriya ce mai tsanani, artesunate yake buƙata.

Anti Nas: Likita, a nan kam ina bayan Baba. Ku ne kuka koya mana cewa in bugun jinin mai sepsis ya yi ƙasa, a ba da magani cikin awa ɗaya. A 2017 wannan cuta ta ci rai kusan miliyan 11 a duniya. Marar gida ba ya zuwa da wuri, sai jiki ya ƙi, sai ya fara sambatu tukuna wani ya ɗauko shi.

Likita: Haka ne, Anti, gaggawa wajibi ce. Sai dai awa ɗayan nan a gadon asibiti ake nufi, inda za a ɗebi jini don gwaji kafin a sa magani, a gane ƙwayar da abin da ke kashe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ceftriaxone cikin rukunin da ake sa wa ido, don yawan yin ta barkatai na sa ƙwayoyi su daina jin magani. A 2019 ƙwayoyin da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ya fi ko'ina jin jiki.

Ɗan Agaji: Ranku ya daɗe, a bar ƙaramin cikinku ya sa baki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana a ƙi duba mai buƙatar kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Mabarata da 'yan gudun hijira ba su san da ita ba.

Baba Mai Kemis: Ɗana, doka na bisa takarda. Sirinji da ledar ruwa wa zai saya?

Anti Nas: Akwai tsaka-tsaki fa. Tun 2015 aka amince cewa jaririn da ƙwayar cuta ta kama da tsanani amma ba za a iya kai shi babban asibiti ba, a yi mai gentamicin a haɗa da amoxicillin a ƙaramin asibiti. Amma sai wanda aka horar, bayan an auna nauyin yaron, don gentamicin na lalata ƙoda da ji. Me zai hana a yi irin wannan tsari ga manya marasa galihu?

Baba Mai Kemis: To, na ji. In na ga numfashi ya kai 22 a minti, ko hankali ya gushe, zan sa shi a keke da kuɗina. Amma Likita, a ba ni lambar wanda zai tarbe shi da dare ba tare da an ce ina ɗan'uwansa ba. In babu, allurata zan yi.