Ketare rafi da ƙafa a dajin Gashaka, ina neman shawara

Ɗan Jalingo:
Assalamu alaikum. Ni da abokaina muna shirin hawan Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Najeriya, mita 2,419, kuma hutunmu ya faɗo a Oktoba. An ce akwai rafuka a hanya, ba gada ba kwalekwale. Ban iya iyo ba, shi ya sa na sayi doguwar igiya, in ɗaura a ƙugu wani ya riƙe a bakin gaɓa. Hakan ya yi?

Baffa daga Serti:
Wa alaikumus salam. Ɗana, don Allah ka bar igiyar nan a gida a yi shanya da ita. In ruwa ya kayar da mutum yana ɗaure, igiyar ta miƙe, ƙasa ruwan ke danna shi, mai riƙon kuma ba zai iya jawo shi ba. Abin da kake buƙata sanda ce mai ƙwari, wadda ta kai maka kafaɗa.

Da kiwo na tashi a ƙasar nan. Idan muka iso bakin mayo, wato rafi da Fillanci, ba ma shiga nan take. Sai mu bi gaɓa mu nemi inda ruwan ya baje ya yi faɗi, har kana hango tsakuwar ƙasa. Wurin da ya tsuke yana ruɗin baƙo don ya ga kusa ne, alhali nan ne zurfi da ƙarfi suke. Kwanar rafi ma a guje ta, ruwa ya kan ƙwaƙule gefen waje ya yi gurbi. Ka kuma dubi abin da ke ƙasa da kai: in akwai faɗaɗɗiyar bishiya ko gangare, nan ruwa zai kai ka, sai ka sake wuri.

In ka shiga, fuskanci inda ruwan ke fitowa, kafa sandar a gabanka, ka riƙa jan ƙafa gefe-gefe, ɗaya bayan ɗaya. Kada ka ɗaga ƙafa sai ɗayar ta zauna. Ido a kan gaɓar can, domin kallon ruwa mai gudu na kawo jiri. Ruwa mai ƙarfi in ya wuce gwiwa, ni da furfurata komawa nake yi.

Oktoba kuwa damina ba ta gama sallama ba a nan. Sama na iya zama garau a kanka, alhali an sheƙa ruwa a kan tsauni. Ka ga rafi ya yi ja, yana ɗauke da ganye da karmami, to tasowa yake. Soke kara a bakin ruwan, ka zauna ka dafa shayi. Karan ya nutse, ku kwana a nan. Rafin dutse yadda yake saurin cika haka yake saurin janyewa.

Maman Hanifa:
Baffa ya gama magana. Ƙari ɗaya daga mai aikin jinya: kada a cire takalmi. Duwatsun na da gansakuka da santsi, yanka a tafin ƙafa kuma a tsakiyar daji ba ƙaramin abu ba ne. Ku kwance maɗaurin jaka na ciki da na ƙirji kafin ku shiga, yadda in an faɗi za a iya yar da ita. Wanda ruwa ya ɗauka ya kwanta rigingine, ƙafafu gaba, kada ya ce zai miƙe a tsakiyar igiyar ruwa, ƙafa na iya maƙalewa tsakanin duwatsu.

Ɗan Jalingo:
Na gode ƙwarai. Baffa, mu riƙe hannu mu shiga tare, ko ɗaya-ɗaya?

Baffa daga Serti:
Ku saƙala hannuwa ku jeru, mai ƙarfinku ta sama ya tare ruwan, kai da ba ka iya iyo ba a tsakiya. Ku fara biyawa ta ofishin gandun dajin a Serti ku ɗauki ɗan jagora, don Mayo Kam akwai dorina, 'yan jagoran ne suka san gurabenta. In hutun zai ɗagu zuwa Disamba ko Janairu, ku ɗaga shi.