Neman kalma: binciken da ke komawa kan matasa ɗaya shekara da shekaru

Mai shirin rediyo: Salamu alaikum malamai. Gobe da ƙarfe 4 zan naɗi shiri kan binciken NLTS2 na Amurka. Matasa masu nakasa kimanin 11,000 aka ɗauka, 'yan shekara 13 zuwa 16 a 2000, aka yi ta komawa kansu da iyayensu har 2009: wa ya gama sakandare, wa ya samu aiki, wa ya fara zaman kansa. Turawa na ce wa irinsa "longitudinal". Me zan ce?

Malamar sakandare: Binciken dogon zango, ƙanena.

Mai shirin rediyo: Yaya, na rubuta shi na goge. Ana iya shekara 10 ana bincike alhali kullum sababbin mutane ake tambaya. Nan kuwa yaron da aka tambaya yana ɗan aji, shi ake sake nema ya girma.

Ɗan jarida: Bin diddigi.

Malamar sakandare: Haba! Sai ka ce yaran sun saci akuya.

Baba mai ritaya: Ku ce "bisawu". Na haɗa ta tun ina koyarwa. Bin sawu, bisawu, jam'i bisawai. Gajera ce, babu Larabci babu Turanci.

Ɗan jarida: Baba, Allah ya ƙara girma, mai sauraro zai zaci sunan magani ne.

Baba mai ritaya: Da "jami'a" ta shigo wa ya san ta? Ku yaran yanzu sai abin da aka faɗa a gidan rediyon waje kuke yarda Hausa ne.

'Yar Damagaram: Kuma sai Kano ta sa hannu kalma ke zama kalma. Mu nan "bibiya" muke cewa, ko a asibiti.

Ɗan jarida: Mu ma muna cewa, Hajiya, ba taku ba ce ku kaɗai. Ni "masu nakasa" ɗin ma ta fi damuna. Masu buƙata ta musamman ake cewa yanzu.

Malamar sakandare: Wannan rigimar wata rana. Mutum na da naɗi gobe.

Mai shirin rediyo: To, zan ce "binciken bibiya na dogon zango" a farko, in bayyana cewa matasa ɗaya ake bi, daga nan in riƙa cewa "binciken bibiya".

Baba mai ritaya: Kalma biyar inda ɗaya ta isa. Je ka naɗa. Ni dai a takarduna bisawu ce.