Musayar waƙa: daga harbin 1948 zuwa Makola, mu 'yan zango me muka gani

Ɗan Nima:
Salamu alaikum 'yan uwa. Maris ya kama, watan 'yancin Ghana, kowa sai saka hoton Nkrumah da tuta yake, to ni na ce mu yi abin da muka saba a nan, a yi ta da baiti. Sharaɗi ɗaya ne, mai amsawa ya amsa da waƙa kuma ya kawo abin da ya faru da gaske banda shaci-faɗi. Bismillah, na buɗe da 1948.

Sun yi wa Ingila yaƙi a Bama, sun dawo da wuya,
Alkawarin fansho da aiki duk ya zama ƙarya,
28 ga Fabrairu tsoffin soja suka kama hanya,
Za su Osu gun Gwamna, ba sanda ba kibiya,
Takarda ce a hannunsu, ta kuka da magiya.

Bature Imray a mararraba ya ce a buɗe wuta,
Da hannunsa ya ɗau bindiga ya saita,
Saje Adjetey ya faɗi, Kofur Attipoe ya kwanta,
Odartey Lamptey na uku, ƙasa ta sha jinin 'ya'yanta,
Daga ran nan Accra ta ce ba mai ƙara taka ta.

Na Tamale:
Wa alaikumus salam, Allah ya biya ɗan uwa. Ni kam kowa ya san inda na tsaya, a kan Osagyefo Kwame Nkrumah ba na ja da baya.

Shida aka kama bayan tarzoma, Kwame na ciki tun fari,
1949 ya kafa jam'iyyar CPP, jan zakara ya yi cara a gari,
Suka kulle shi a James Fort wai ya gaji ya bari,
Yana kulle aka zaɓe shi a 1951, Gwamna ya buɗe da sauri,
Daren 6 ga Maris 1957 ya hau dandali da batakari.

Rigarmu ta arewa ya sa ran 'yanci, mu ba ma mantawa,
Ya tare Volta a Akosombo, wuta ta samu ana kunnawa,
Tema ta zama tashar ruwa, jirage na ta shigowa,
Ɗan arewa ya shiga boko kyauta ba a korowa,
Wa ya yi wa Ghana rabin wannan? Ina jiran amsawa.

'Yar Aboabo:
Yaya na Tamale sannu da ƙoƙari baitinka ya yi daɗi wlh, amma mu a zangon Kumasi akwai abin da tsofaffinmu suka tafi da shi a zuciya kuma in ana yabon nan ba a faɗinsa, to yau sai na faɗa.

Yaya ka yabi gwaninka, ban ce ka yi ƙarya ba,
Amma akwai shafin da ba ka buɗe mana ba,
'Yancin nan bai ko shekara a hannunmu ba,
Aka ɗauke Sarkin Zango, Alhaji Amadu Baba,
Shi da Alhaji Lardan sai Kano, ba su ga ƙarshen shari'a ba.

Laifin dai jam'iyyar Musulmi ce tasu,
Sun ƙi bin zakara, sun bi Asantawa maƙwabtansu,
Suka je kotu suka ce nan ce mahaifarsu,
Majalisa ta zauna ta yi doka da sunayensu,
Don kar alƙali ya samu damar sauraron su.

Ba a nan ya tsaya ba fa, 1958 aka yi dokar tsare mutum har shekara 5 ba shari'a, da ita aka kulle J.B. Danquah, alhali jam'iyyarsu ta UGCC ce ta kira Nkrumah ya dawo daga Landan ya zama sakatare, a kurkukun Nsawam mutumin ya rasu 1965. Wannan ma a saka a waƙar Maris.

Na Tamale:
Ƙanwata na ji, ban musa miki ko ɗaya,
Amma ki tuna Kulungugu, 1962, can bakin iyaka kan hanya,
Yaran makaranta na tarbarsa aka jefo gurneti daga baya,
1964 a Flagstaff mai tsaronsa Salifu Dagarti ya riga mu gidan gaskiya,
Wanda ake farauta haka, ta ina zai yarda da kowa a duniya?

'Yar Aboabo:
Yaya 1957 aka kori Sarkin Zango, gurnetin 1962 ne, lissafin bai hau ba. Amma na ga Baba ya shigo bari in yi shiru.

Dattijon Sabon Zango:
'Ya'yana Allah ya yi muku albarka, duk ku biyun gaskiya kuka faɗa. Ni dai abin da ya biyo bayansa shi na gani da idona ina yaro.

24 ga Fabrairu 1966, Nkrumah ya isa Sin bai ko sauke jaka,
Afrifa ya kama gidan rediyo, sanarwar juyin mulki a bakin Kotoka,
Gunkinsa na gaban majalisa aka kayar aka daddaka,
Masu yi masa kirari jiya su suka fi kowa rawa da waƙa,
Conakry ta riƙe shi, 1972 a Bukares ya cika.

Sai Busia ya hau a 1969 ya juyo kanmu,
Nuwamba ya ba da sati 2 wai mu nuna takardunmu,
An haife ka a Nima a ce maka ina garin kakanninmu,
Rumfar goro da gida da shanu aka sayar a wulaƙance a gabanmu,
Manyan motoci suka kwashi Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa 'yan uwanmu.

Wace takarda za ka tambayi mutumin da kakansa ya zo fataucin goro Salaga tun kafin Bature ya ja layin iyaka? Maƙwabcinmu mai goro ya kawo wa mahaifina mabuɗin ɗakinsa ya ce a riƙe masa in ƙura ta lafa zai dawo, har mahaifina ya rasu ba mu sake jin ɗuriyarsa ba, kuma irinsa ba su ƙirguwa, akwai matan da aka raba da mazajensu a tasha don ita tana da dangi a nan shi babu. Shi ya sa duk ɗan zangon da ya kai shekaruna in ka ce Busia sai ka ga fuskarsa ta canza.

Ɗan Fagge:
Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Daga Kano nake bin ku, kuma ba zai yiwu a yi maganar 1969 mu na Najeriya mu yi shiru a kan tamu ba.

Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta maimaita wannan aiki,
Kuɗin mai ya ja baya, laifi ya koma kan baƙi,
Wajen miliyan 1 'yan Ghana, malamin makaranta da makaniki,
Suka cushe a Seme da tashar Apapa ba abin sa wa a baki,
Jakar da suka zuba kaya har yau sunan korar na nan a jiki.

Suka isa gida shekarar fari, gobarar daji ta ci koko da dawa,
Shugaba Rawlings ya buɗe iyakar Aflao da ya rufe, mutane na ta kwararowa,
Ƙauyuka suka karɓi 'ya'yansu alhali ana fama da yunwa,
Talakan da bai san ofis ba shi ya sha duka korar biyu, Baba, abin da ciwo da ban tausayawa.

'Yar Aboabo:
Allah ya saka da alheri Ɗan Fagge, ba kowa zai faɗi wannan ba. Tunda ka kira Rawlings, ni 'yar kasuwa ce jikar 'yar kasuwa, ba zan bari ya wuce haka ba.

Tunda an kira Rawlings ni zan taɓo Makola,
1979 aka ce matan kasuwa ne tushen wahala,
Kan gwangwanin madara da sabulu a kwantar da uwa a yi mata bulala,
Aka sa nakiya aka rushe kasuwar ba wanda ya kula,
Tsada ba ta tafi ba, kayan ma suka ɓace jimla.

A Teshie aka ɗaure tsoffin shugabannin ƙasa uku,
Acheampong da Akuffo da Afrifa, ina tuna muku,
Afrifan nan dai da ya kayar da gwanin naku,
Hafsoshi 8 aka harbe a Yuni, wasu aka tura kurkuku,
Ɗalibai na titi suna ihun a ƙara, ku tambayi iyayenku.

Yaya na Tamale saura kai, tunda arewa kake karewa zo ka yi mana baitin Dakta Hilla Limann ɗan Gwollu, wanda aka zaɓa da ƙuri'a Rawlings ya miƙa masa mulki a Satumban 1979 sannan ya dawo ya ƙwace ran 31 ga Disamba 1981, ka faɗa mana me bawan Allahn nan ya yi da har aka hana shi gama wa'adinsa.